Layin da Ya Rage a Takardar Asibiti

Takardar tana kan cinyar kafintan, biro na hannunsa. Ranar Alhamis za a yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa, kuma saura layi ɗaya bai cike ba: sunan wanda zai yanke shawara idan shi ya kasa magana.

Malamar makarantar da yake so tana zaune gefensa a bencin asibiti, ta ƙura wa ƙofar likita ido.

"Malama," ya ce a hankali, "sunanki nake so in sa."

"Ga yayanka, ga Inna. Ni a wa?"

"Yaya ba zai iya ba. Inna kuwa ko shekara goma ce za ta bar ni kwance tana shafa mini kai." Ya miƙa mata takardar. "Idan likitoci suka ce inji ne kawai ke yi mini numfashi, ki ce su bar ni in tafi."

Ta juyo ta dube shi, idanunta sun kaɗa. "Wata shida ina jiran tambaya ɗaya daga bakinka. Ashe wannan ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsoro nake ji. Kada in aure ki yau, jibi ki shiga takaba."

Ta karɓi takardar da biron. Ta rubuta sunanta. A gurbin dangantaka ta daɗe tana kallo, sannan ta rubuta "matarsa".

"Ai wannan ƙarya ce," ya ce.

"To kira yayanka yanzu, ya je ya nema maka aurena. Kwana uku gare ka ka mayar da ita gaskiya."