Babbar Laima da Ƙaramin Mariƙi

Tunda kin ce kin sayi babbar laimar haske, saura mariƙin da zai ɗauke ta, zauna in ba ki labarin wani mai hoto kafin ki shiga kasuwa.

Mutumin nan ya shekara goma sha biyar yana ɗaukar hoto, kuma kowa ya shaida yana da hannu. Kayan aikinsa ba yawa: kyamara, fitilar hoto guda, sanda mai ƙafa uku, da 'yar farar laima da ke tausasa hasken fitilar don kada ya daki fuska. Duka yakan ɗaure su a bayan babur ya tafi inda aka kira shi. Da aiki ya buɗe masa, sai ya sayi babbar laima, irin wadda in an buɗe ta takan toshe ƙofar ɗaki, don haskenta yana kwanciya a fuskar mutum kamar hantsi. To, laima ba ta tsayuwa da kanta. Akwai ɗan abin da ke zama a kan sanda, ya riƙe fitila, ya riƙe laima, ya karkata su inda ake so. Shi ne mariƙi. Da ya je saye, mai shago ya ajiye masa guda biyu a kan kantar shagon. Ɗaya na roba ne, ba nauyi, yana shiga aljihu, kuma a siririyar ƙafarta yake kama fitila. Ɗayan na ƙarfe ne, mai faɗin baki, yana rungumar kan fitilar, laima kuma a jikinsa take maƙalewa, nauyinta duk a kansa. Mai hoto ya jinjina na ƙarfen a hannu, ya tuna bayan baburinsa da ya riga ya cika, ya ajiye, ya ɗauki na robar. Mai shago ya ce, "Maigida, laimar nan taka ta fi ƙarfin wuyan ƙaramin." Shi kuwa ya ce irinsa ya yi masa aiki shekara da shekaru bai taɓa ba shi kunya ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai ya manta cewa da ƙaramar laima aka yi shekarun.

Ba a yi mako biyu ba aka kira shi gidan wata tsohuwar ungozoma. Ta tashi daga doguwar jinya, 'ya'yanta da jikokinta suka taru yi mata barka, wasu daga Fatakwal, wasu daga Damagaram, wasu daga Legas. Rabon da su haɗu duka a wuri ɗaya an fi shekara tara, kuma bayan azahar kowa zai kama hanya. Hoto ɗaya suke so, ita a tsakiya. Damina ce, tun safe ake yayyafi, don haka a falo aka shirya, falon kuma ba haske. Aka tallabo tsohuwar aka zaunar da ita a kujera da matashi a bayanta, don ba ta iya dogon zama. Mutum talatin da ɗoriya suka jeru, manya a tsaye, yara a kan tabarma. Mai hoto ya kafa sanda, ya ɗaura fitila, ya buɗe laimarsa har mutane suka yi ta kallo. Ya koma bayan kyamara ke nan sai laimar ta fara sunkuyar da kai a hankali, kamar mai gyangyaɗi. Ya dawo ya ɗaga ta, ya ƙara ɗaure notin mariƙin. Ya ɗauki hoto, haske ya zuba a kan tabarma da ƙafafun mutane, fuskoki suna cikin duhu. Ya sake ɗagawa, ya sake murɗawa, gumi na tsattsafo masa. Wani jariri ya soma kuka, tsohuwa ta soma gyara zama. A karo na uku ya murɗa da ƙarfi, haƙoran notin suka cinye, laimar ta rusuna har ƙasa, ta karya ƙafar fitilar. Ba wanda ya yi masa faɗa. Ya ɗauki abin da zai iya ba fitila, aka mai da tsohuwa ɗaki, aka ci abinci, aka yi sallama. Da ya duba hotunan a gida, jama'a na nan amma kamar an leƙa su ta cikin hayaƙi. Da ƙyar uwa za ta gane ɗanta.

Bayan kwana uku ya koma gidan da sabuwar fitila da mariƙin ƙarfe. Ya buɗe laimar, ta tsaya cak inda ya karkata ta, ko motsi ba ta yi ba. Hoton ya fito tas, har tsagar fuskar tsohuwar da lallen hannunta ana gani. Da ya kawo mata, ta riƙe shi ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ya yi kyau, ɗana, Allah ya yi albarka. Sai dai ni kaɗai ce a ciki."

Mariƙin roba bai yi laifi ba, an ɗora masa kayan da ba nasa ba ne. Don haka in kin je, tafi da laimarki, a buɗe ta a gabanki, a ɗora, a karkata, ki tsaya ki ga ko za ta sunkuya. Hausawa suka ce, daidai ruwa daidai tsaki.