Gidan da Ke Yoyo a Yamai

Ɗigon farko ya sauka daidai kan bandejin ƙafar Alhaji Labbo, sai matarsa Sahiya ta ja katifar zuwa ɗaya kusurwar. Can ma yoyo ake yi. Ta tara roba, ta tara kwanon tuwo, ta ɗaga kai ta dubi rufin da tsatsa ta cinye, ta tsine wa mai gidan nan karo na uku tun safe.

Kwanansu tara ke nan a Yamai. Ciwon suga ya kama masa ɗan yatsan ƙafa tun suna Malbaza, ya yi ta shafa toka da man shanu don kada ya biya kuɗin mota, har gyambon ya haura. Likita bai ɓoye musu komai ba. A zo wanki duk bayan kwana biyu, wata guda cur, kuma kada ruwa ya taɓa wurin. In ya ruɓe, za a yanke ƙafar daga gwiwa. Gado kuwa babu a asibiti, sai su nemi masauki cikin gari.

Sahiya ta so su sauka wurin ɗan yayarta da ke aikin duwan, wato kwastan. Alhaji ya ce a'a, gidan dangi tsaraba yake ci. Otal kuwa ko sunansa ba wanda ya yi gangancin ambata. Shi da kansa ya yi wa mai taksi kwatance, bi nan, karya can, har ƙofar wani gida mai ɗaki goma sha huɗu inda ake cusa 'yan jinya na gabas, mutanen Konni da Illela da Tsarnawa, duk wanda asibiti ya ce masa ya dawo jibi.

Abu ɗaya ya ba ta mamaki ranar. Mutumin da ke ciniki da mai goro har mai goron ya gaji ya bar masa, mutumin da ke rantse wa 'yan'uwansa cewa bayan rumbun albasarsa ko allura bai mallaka ba, shi ne ya miƙo mata kuɗin wata guda ta ba mai gadi, ba ko a rage. Ya ja rawani ya rufe baki, ya ɗingisa ya shige ɗaki. Ta ce a ranta lalle ciwo ya ci ƙarfin bawan Allahn nan.

Gidan kuwa, ko awaki aka zuba a ciki an zalunce su. Bayi guda ɗaya ga mutum hamsin, in an yi ruwa ya tumbatso tsakar gida. Famfo ya ƙafe tun bara. Shatu, wata 'yar Illela da ke jinyar mahaifiyarta a ɗakin kusa, ita ta ba ta labarin mai gidan. Wani attajiri ne daga can wajensu, ko mai gadin bai taɓa ganin fuskarsa ba, sai dai umarni ta salula. Direban motar kaya ke zuwa karɓar haya duk ƙarshen wata. In majinyaci ya cika da safe, kafin azahar an sa wani a ɗakin, tun tabarmar ba ta huce ba.

Sahiya takan kwaso labaran nan ta juye wa mijinta da zafinsu. Ta kira mai gidan mara imani, ta kira shi mai cin kuɗin gawa, ta roƙi Allah ya ɗanɗana masa abin da bayin Allah ke sha a nan. Alhaji bai taɓa cewa amin ba. Tun zuwansu ma magana ta ƙaurace masa. In mai gadi ya leƙo gaisuwa, sai ya ɗaga hannu kawai ya juya fuska bango. Sau biyu tana roƙonsa su koma gidan ɗan yayarta, ya raɗa mata cewa an riga an biya wata.

Jiya mai wankin gyambo ya kwance bandeji, ya sunsuna, ya girgiza kai. Ya ce in gyambon ya jiƙe ko sau ɗaya, sai dai a kira masu yanka. Tsoro ya kama Sahiya sosai, don duk rowarsa mijinta ne, shekara talatin suna tare. Yanzu ga ruwa yana zuba a kan ƙafar. Ta fita cikin ruwan ba ko mayafi, ta jawo Mumuni mai gadi har tsakiyar ɗakin.

"Malam Mumuni, dubi wanga abu. Kwano falle biyu ya ishe shi."

"Hajiya, damina ukku ina hwaɗa mai. Cewa ya yi wanda bai iya zamnawa shi koma garinsu. Ni mi za ni yi? Tsaro kawai anka ba ni."

"Kana da lambatai? Kira min shi, ni za ni yi mai magana."

Alhaji ya yunƙura a kan katifa, murya can ƙasa. "Ke, bari. Ba a damun manya da ƙaramin abu."

"Ƙahwarka za a yanke, Alhaji, ita ce ƙaramin abu? Yau sai ya ji abin da ba a taɓa hwaɗa mai ba."

Mumuni ya ciro salularsa, ya latsa lambar, ya miƙa mata. Shatu da wasu mata uku suka cika ƙofa, don kowace tana da nata saƙon da take so a isar. Sahiya ta kara a kunne, ta gyara tsayuwa, bakinta cike da zagi. Alhaji ya shiga lalube a kan katifa da sauri, amma bai kai ba.

Sai salular mai gidan ta ɗauki kuka daga ƙarƙashin matashin kan Alhaji Labbo.