Kumurcin da Ke Cin Ɓeraye

Wata ranar Lahadi bayan an tashi sujada, Irmiya tela ya sami Baba Habila, dattijon ikilisiya, zaune a inuwar majami'a. Ya gaya masa shekara uku ke nan yana roƙon Allah ya raba shi da giya. Ya yi azumi, ya yi kuka, amma ba ya cika wata guda bai koma ba. Baba ya tambaye shi ko har yanzu yana zama a gidan burukutu. Ya ce ai dole, can yake samun masu kawo ɗinki. Tsohon ya nuna masa benci ya ce ya zauna ya ji wani misali.

Ya ce an yi wani manomi mai ibada, wanda ba ya fita gona sai ya tara iyalinsa sun durƙusa. Wata shekara damina ta tsaga bangon ɗakin da yake ajiye hatsi, tsaga ƙarama, da kyar yatsa biyu ke shiga. Ba a jima ba matarsa ta ga wutsiyar kumurci tana shigewa ciki, ta ce a kira magini. Shi kuwa ya lura tun da macijin ya tare a wurin ɓeraye suka daina yi masa ɓarna, buhunansa ba huda ko ɗaya. Sai ya ce a ƙyale, Allah ne mai tsaro. Ya ƙara roƙo ɗaya cikin addu'ar safe, cewa Ubangiji ya tsare gidan daga macijin nan, kuma da gaske yake roƙon, wani lokaci har da hawaye. In mitar matar ta ishe shi sai ya cusa tsumma a tsagar ya shafe da laka. Kwana kaɗan lakar ta bushe ta faɗo, shi kuma ya kau da kai. Haka aka ci shekara biyu.

Wata rana da hantsi matar ta shiga ɗebo dawar tuwo. Tana sunkuyawa ta ɗaga buhu, kumurcin ya fasa kai ya fesa mata dafi a fuska. Ihunta ne ya kawo maƙwabta. Aka wanke idon da nono, aka ɗauke ta a babur zuwa asibiti, aka ceto na dama, na hagu ya tafi ke nan. Washegari manomin ya je da ƙafarsa ya kira maginin. Magini ya ƙwanƙwasa bangon da ƙotar diga, ya ji yana amsawa kamar ganga, ya ce kowa ya ja baya. Sara ɗaya ya yi, ɓangare guda ya rufto. Ashe gara ta bi tsagar nan ta cinye cikin bangon tun daga tushe, yaɓen waje kaɗai ya rage a tsaye. A cikin kogon ga kumurci biyu manya, ga ɓawon ƙwai birjik, ga 'ya'ya baƙaƙe suna ta murɗawa a kan juna, sun fi ashirin. Ramin ya ratsa har bangon ɗakin kwana, ya ɓullo daidai inda 'ya'yan manomin ke ajiye kai. Maza suka yi ta duka da sanduna, mata suka kwashi yara suka yi waje. Manomin ya zauna daɓas a ƙasa.

Da ya dawo cikin hankalinsa ya tambaya ko za a iya yaɓewa. Maginin ya ce, "Wannan ba bangon yaɓe ba ne. Sai an rushe shi har ƙasa. Ginin nawa ne, kai ba ka iya ba. Amma kwashe tsohuwar ƙasa da jido ruwa da kwaɓa sabuwa, wannan naka ne." Sati uku manomin yana aikin nan, tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe. Addu'ar safe bai fasa ba, sai dai ta canza. Ya daina roƙon a tsare shi daga maciji, ya koma roƙon gafara, da ƙarfin da zai kai aikin ƙarshe. Bango ya tashi sabo. Matar kuwa da ido ɗaya ta ƙarasa rayuwarta, kuma duk tuwon da ta miƙo masa sai ya ga wannan idon.

Irmiya ya riƙe baki. Baba Habila ya ce masa, "Ɗana, addu'arka ba ta faɗi ƙasa banza ba, ita ce ma ta kawo ka nan yau. Amma ba a roƙon Allah ya kori abin da mutum ya ba wa masauki don yana ƙaruwa da shi. Sabuwar zuciya Almasihu ne ke gina ta, ƙoƙarinka ba zai iya ba. Naka shi ne ka yarda a rushe, ka kuma sa hannu a kwashe, tun wani a gidanka bai biya da idonsa ba. Zunubi ba ya fasa ƙofa, ƙaramar kafar da aka bari yake bi. Shi ya sa Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."