Ɗan Farin Dakta Ilu

Doka ce yanzu: ba a iya kashe mutum-mutumi sai maigidansa da bakinsa ya kira sunansa na yanka. Wanda Dakta Ilu ya ƙera kuwa shi ne ɗan farinsa, kuma sunan mahaifin Dakta ya ci, shi ya sa ake ce masa Abba.

Ran nan da hantsi Dakta ya tarar da shi a ɗakin bincike, ya baje wayoyi yana harhaɗa wani ɗan ƙaramin kai.

"Kai yaron nan, me kake ƙullawa?"

"Ƙane nake yi wa kaina, Baba."

"Ajiye, ko in kashe ka yanzun nan!"

Matarsa Barira ta leƙo. "To Dakta, kira sunan mana."

Ya buɗe baki, kunya ta hana shi. Ɗan fari, ga sunan uba! Sai ya ɓige da gyaran murya.

"Wai wa ya kawo shawarar sa masa sunan Alhaji?" ya tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Shi ya roƙa, ranar da ka kunna shi."

Abba bai ko ɗago ba. "Ƙanen nawa kuma, Baba, sunan surukinka zai ci."