Man Keken Ɗinki

Tana cikin ba mahaifiyarta labarin zangon da ta yi a jami'a tana karantar hana yaɗuwar makaman nukiliya, sai ta lura ba keken ɗinki tsohuwar ke ɗiga wa mai ba. Bindiga ce.

"Mama! Har da ke?"

"Tun da aka harbe yayanki a shago, kowane gida a layin nan ya saya. Maƙwabta su fara ajiye nasu, sai in ajiye tawa."

Irin wannan hujjar ce sak ta sha rusawa a aji, har malami ya tafa mata. Ta buɗe baki, idonta ya faɗa kan takalman yayanta, suna nan bakin ƙofa.

Ta miƙa wa Mama tsumman gogewa.