Baƙo a Kujerar Sanni

Buraima ya sake leƙa kartarsa, ya ga manya biyar a jere, sai bakinsa ya fara ƙaiƙayi.

Kullum bayan la'asar su huɗu ke zama a rumfar shagonsa na ɗinki a Moshi Zango suna buga birij, wasan da tsoho Sanni ya koyo yana kuku a gidan Turawan jirgin ƙasa a Sekondi. Amma yau baƙo ne a kujerar Sanni. Gwamnati ta ce duk wanda ba shi da takardar zama ya bar Gana, wa'adin kuma ya cika. Shi kuwa Sanni a goye aka zo da shi daga Ilori, ba takarda, ba kowa nasa a can. Unguwa ta ɗauka ya bi lorin masu barin ƙasa. Buraima da matarsa Azaratu kaɗai suka san yana kwance a ɗakin ajiye yadi, bayan bangon nan da suke jingina.

Baƙon ya ce sunansa Yusif. Matashi ne mai wandon kaki da takalmi mai sheƙi, Hausarsa duk Fanti, yaren mutanen Sekondi, ta cinye ta. Da hagu yake raba karta. Tun zamansa ya tambayi mai kujerar har sau uku, kuma ko sauran 'yan wasan, Iddrisu da Musah, sun amsa, fuskar Buraima yake kallo.

A birij, in abokin karawa ya yi alkawarin cin da kake ganin ya fi ƙarfinsa, sai ka ce dabul. Ya faɗi, hasararsa ta ninka. Ya ci, taka ce ta ninka. Buraima kuwa mutum ne da bai taɓa shakkar abin da idonsa ya gaya masa ba.

"Dabul!" ya ce, har da bugun tebur.

Yusif ya ɗan yi murmushi. Ya bi manyan nan na Buraima ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ya cika alkawarinsa cif.

"Baba, da ka yi shiru da na faɗi," in ji shi. "Kai ka nuna mini inda suke."

Nan take Sanni ya yi tari a bayan bango. Buraima ya rufe da nasa tarin, amma ya ga idon baƙon ya sauka a ƙofar ɗakin. Wannan ai ɗan sandan ciki ne, ko tantama babu.

Ana watsewa ya shiga ya tattara wa Sanni 'yan tsummokaransa. Akwai lori a tashar Krofrom mai zuwa bakin iyaka kafin magariba. Gara ya tafi da ƙafarsa da a ja shi a ƙasa a gaban yara.

"Ka bari mu ga gobe mana," in ji Azaratu.

"Gobe da ankwa za su zo. Na karanci mutumin nan sarai."

Sanni bai yi gardama ba. Da aka ɗora shi kan buhuna a bayan lori, sai ya riƙe hannun amininsa ya ce, "Buraima, in na sauka, gidan wa zan tambaya?" Da kuka Buraima ya dawo gida, amma yana gaya wa kansa ya yi dabara.

Washegari da hantsi wata ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar shago. Yusif ya fito shi kaɗai. Ya duba hagu da dama, ya durƙusa gaban keken ɗinki, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, na san yana ciki. Jiya na ƙi magana ne don ban san bakin sauran ba. Na shirya masa ɗaki a gidana, inda ba mai taɓa shi. Ka ce masa ɗansa na Sekondi ne ya zo ɗaukarsa."