Kwamfuta a Kan Randa

"Kashe ta kafin ta ƙone!" in ji yayana.

Na ƙi. Ana tsakiyar zafin bazara a Tsafe, ɗalibai sun cika shagona suna jiran takardun jarrabawa. 'Yar kwamfutata, wadda ba ta fi kwanon sha girma ba, ta ɗau zafi tana jan ƙafa. Da gangan na zaɓi mai ƙaramin furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, da ba ya shan wuta sosai, don farantin sola ɗaya gare ni.

"Ki rufe wurin nan ki biyo ni Gusau," ya ce. "Ga babbar kwamfuta, ga ɗaki mai sanyi. Ki yi aiki ƙarƙashina."

Na jiƙa buhun da ke naɗe da randar Inna, na rufe bakinta da faifai, na ɗora kwamfutar. Can sai kukan fankarta ya lafa, aiki ya miƙe.

Ya ƙura wa randar ido. Shi ya ce a yar da ita ranar da ya sayo wa Inna firji.

"Firjin fa?"

"Ga shi bayanka, Yaya. Tunda ba wuta, ciki nake ajiye takardu."